Ra'ayinmu: Sana'ar Sabulu, Cuɗe Ni In Cuɗe Ka

Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai a wannan zango da muke ciki, ko na maza ko na mata, ba zai rasa cin karo da wata 'yar takarda da aka liƙa a ƙofa ko a allon sanarwa ba, wadda ke shaida wa jama'a cewa akwai sabulu na sayarwa: na wanka, na wanki, na salo, har da na ruwa a cikin gora. Haka nan kuma labarin yake a unguwannin da ƙananan ma'aikata ke zaman haya, inda za ka tarar uwargida ko ƙanwar maigida ta mai da wani lungu na tsakar gida wurin haɗa sabulu. Mu dai wannan abu bai ba mu mamaki ba, ba mu kuma ga abin kunya a cikinsa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yunin wannan shekarar, tsadar kaya ta yi ta hauhawa har ta haura kashi 34 cikin ɗari a 2024. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai isa ya riƙe gida ba, balle a yi zancen ɗan abin da iyaye kan aiko wa ɗalibi. Wanda ya ga haka ya tashi ya kama sana'a, yabo ya cancanta.

Abin da ya dame mu, har ya sa muka keɓe wannan shafi dominsa, shi ne yadda takardun nan ke saurin ɓacewa. Wadda ka gani a farkon zango, kafin jarrabawa an yage ta. Mai ita ya koma sayen sabulun kanti kamar kowa, jarinsa ya narke, gwiwarsa ta yi sanyi. Zango na gaba wani sabo ya liƙa tasa, ya faɗa ramin da na farko ya faɗa, domin babu wanda ya gaya masa akwai rami a gaba. Mun zauna da wasu daga cikinsu, kuma abin da muka fahimta shi ne, ba lalaci ya kayar da su ba, ba kuma rashin masu saye ba, domin babu gidan da ba a wanka da wanki. Kaɗaici ne ya kayar da su. Kowa ya kulle ɗakinsa yana dama tasa tukunyar, yana ɓoye wa maƙwabcinsa ɗan abin da ya sani, alhali kuwa abin da bai sani ba ya fi yawa. Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, mai ƙaramar sana'ar sabulu ya fi bukatar abokan sana'a na gari fiye da yadda yake bukatar rance, kuma alhakin haɗa kan waɗannan abokai yana wuyanmu.

Ya kamata mu fara tuna wa kanmu cewa sabulu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, amma sana'ar ta iyayenmu mata ce tun kaka da kakanni. Sukan ƙona kara su tara toka, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan tokar da man kaɗe ko kitse ko alayyadi har ya kama jikinsa ya zama sabulun salo. Yarbawa na yin irinsa da tokar ɓawon koko da na ayaba, suna kiransa ose dudu, a Gana kuma ana ce da shi alata samina. Tsohuwar da ke wannan aiki ba ta taɓa jin sunan Chevreul ba, watau masanin nan na Faransa da ya bayyana a 1823 yadda mai ke rikiɗewa ya zama sabulu da gilisarin, amma idonta da hannunta sun san lokacin da tukunya ta nuna. Ta yaya ta sani? A gindin mahaifiyarta ta koya, a tsakiyar 'yan'uwa da maƙwabta ta ƙware, kuma ranar da tukunya ta ƙi akwai wadda za ta aika a kira. Haka sauran sana'o'inmu na gado suke. Maƙera da mahauta da wanzamai kowa da sarkinsa, wanda ke raba gardama, yake kuma tsawata wa mai ha'inci. Wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano zai ga kowane marini da nasa karofin, amma a fili ɗaya suke, ido na ganin ido. Ashe ke nan zaman kaɗaicin da muke gani a yau ba gadonmu ba ne.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga ɗaliban tarihi. A 1885 William Lever da ɗan'uwansa suka kafa masana'antar sabulun Sunlight a Ingila, kuma ƙishirwar mai ce ta ja hankalin kamfanin zuwa Afirka ta Yamma. A 1920 ya saye Kamfanin Neja, a 1923 ya kafa kamfanin sabulu a Ikko, a 1929 kuma aka haɗa kamfanin UAC wanda iyayenmu suka sani a kantunan Kano da Zariya da Gusau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu ta bi manja da ƙwarar kudu zuwa Turai, ta dawo mana a matsayin sandar sabulu a cikin kwali. Muka zama masu sayar da ɗanyen mai da araha, masu sayen sabulu da tsada. Har yanzu ba mu gama fita daga wannan hali ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, amma an daɗe ana fitar da su ɗanye, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ba da umurnin dakatar da fitar da su na wata shida a watan Agustan 2025. Manjan da muka taɓa zama zakara a kansa a farkon shekarun 1960, tuni Indunusiya da Malesiya suka yi mana fintinkau. To, da me manyan kamfanonin suka fi tsohuwar sabulun salo? Ba da wani asiri ba ne. Da abu uku ne: suna da ɗakin gwaji da ke tabbatar da awo, suna sayen kayan haɗi da yawa a lokaci guda, suna kuma da suna ɗaya wanda mai saye ya amince da shi. Mutum ɗaya mai jarin 'yan dubbai ba zai mallaki ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Mutum goma da suka haɗa kai za su iya mallakar dukkansu daidai ƙarfinsu.

Mu ɗauki batun awo. Sabulu kan samu ne idan mai ya haɗu da sinadari mai kaifi, ko dai na toka, wanda ke ba da sabulu mai taushi irin na salo, ko kuwa sodar nan da 'yan kasuwa ke kira kostik, wadda ke ba da sabulu mai tauri. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo guda na man kaɗe yana bukatar kimanin giram 128, na manja kimanin giram 141, na man kwakwa kuwa ya haura giram 180. Saboda haka wanda aka koya wa awo da gwangwanin madara a horon kwana biyu, ranar da wani mai ya yi tsada ya musanya shi da wani bai sake lissafi ba, ya yi asara tun kafin ya zuba. In soda ta yi yawa, sabulun ya ci hannun mai wanki, ya ƙona fatar jariri. In ta yi kaɗan ƙwarai, sabulun ya ƙi tauri, ya yi maiƙo, daga baya ya yi wari. Gwanayen sana'ar kan rage soda da kimanin kashi 5 cikin ɗari da gangan, domin ɗan man da ya saura ya tausasa fata, amma irin wannan ragi ba ya yiwuwa sai da sikeli.

Ga kuma haɗarin da ke cikin aikin. Soda ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, domin zafin da ke tashi yana iya sa ta yi tsartuwa zuwa fuska. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, domin tana cin tukunyar, ta kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. In ta taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa ake ta kwarara wa wurin na aƙalla minti 15 a garzaya asibiti, ba a shafa manja a koma aiki. Likitocin yara a ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa a kan yaran da ke shan ruwan soda da aka ajiye a gorar lemo ko a kofi a gidajen masu sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone, wasu har abada ba sa koma haɗiyar tuwo. Duk waɗannan bayanai a rubuce suke a littattafan sashen kimiyyar sinadarai, taku kaɗan daga ɗakin da wani ɗalibi ke dama soda, taga a rufe, ba safar hannu, ba tabarau, ga kwanon abinci a gefe. Wanda ke cikin abokan sana'a zai ji su a zama guda. Wanda ke shi kaɗai kuwa, da fatarsa ko da ta ɗan wani zai biya kuɗin makaranta.

Sai batun jari da saye. Buhun soda kilo 25 ne, kuma ya isa ya sarrafa manja kusan kilo 175. Ɗalibin da ke sarrafa kilo 5 a mako sai ya yi mako 35 kafin ya ga ƙarshen buhu ɗaya, ga shi kuwa soda tana zuƙar laima daga iska, ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu, musamman da damina. Don haka dole ya riƙa sayen awo a hannun 'yan kiri, da tsada, ba tare da ya san ko an gauraya ba. Amma mutum goma masu sarrafa kilo biyar-biyar za su cinye buhun nan kafin wata ya cika, a farashin sari, tana da ƙarfinta. Haka lissafin yake ga jarkar mai, da turare, da takardar naɗi, da kuɗin mota zuwa kasuwa. Daɗin daɗawa, sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba yana bukatar ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin ya bushe ya nuna. A tsawon wannan lokaci kuɗin mai shi a kwance suke a kan katako. Mai jari ɗaya tak ba ya iya jira, sai ya kwashe ɗanye ya kai kasuwa, sabulun ya narke a hannun mai saye cikin kwana uku, daga nan an yi sallama ke nan. Wanda ke cikin adashi da abokan sana'a, kwasar wannan wata ita za ta riƙe shi har na kan katako ya nuna. Sikeli mai kyau, da mazubi, da abin yanka, da hatimi, ba sai kowa ya sayi nasa ba.

Na uku shi ne suna da amana. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan shafe-shafe, har da sabulun wanka, kuma rajista tana tafiya da duba wurin aiki da gwajin kaya da rubuta abin da ke ciki a jikin naɗi. Hukumar SON kuma, wadda aka kafa tun 1971, ita ke tsara ma'aunin inganci. Babu jami'in da zai amince da ƙarƙashin gadon ɗalibi a matsayin masana'anta, kuma bai kamata ya amince ba. Ba tare da lambar rajista ba, babban kanti ba zai karɓa ba, haka makarantar kwana da asibiti da masauki, alhali su ne masu saye da yawa. Ɗaki ɗaya tsaftatacce wanda mutum goma suka haɗa kuɗi suka gyara, yana iya tsallake shingen da ɗakuna goma ba za su tsallake ba. A wasu ƙasashe har sunan gari kan zama jari. A 1688 aka kafa doka a Faransa da ta hana masu sabulun birnin Marsey sa kitsen dabba, ta tsayar da su a kan man zaitun, kuma har gobe sunan birnin na sayar da sabulu. Sabulun Halab na Sham da na Nabulus na Falasɗinu, a 2024 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin al'adun gado na duniya. Ba mutum ɗaya ya gina waɗannan sunaye ba. Zuriya bayan zuriya ce ta masu sana'a da suka tsare awo ɗaya. Mu kuwa a nan, wake ɗaya ke ɓata gari: da zarar sabulun wani ya ƙona wata, sai a ce ai duk sabulun gida haka yake.

Akwai abu na huɗu wanda ba ya shiga lissafin Naira, watau ƙarfin zuciya. Mun gaji wani tunani daga makarantar zamanin Turawa, wanda ya raba hannu da alƙalami, ya nuna mana cewa ƙarshen karatu shi ne tebur da kujera da fanka. Saurayin da ya kama sabulu zai ji ana cewa aikin mata ne. Budurwar da ta kama za a tambaye ta, shekara huɗu a jami'a ashe don dama soda ne? Iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya kuɗin makaranta, ba laifinsu ba ne in ransu ya sosu. Ranar da tukunya ta lalace, jarin wata guda ya bi ruwa, waɗannan maganganu su ne ke dawowa kunne da dare. A irin wannan rana babu abin da ya kai a samu wanda tasa tukunyar ta taɓa lalacewa, ya duba ya ce, “Wannan ai gyaruwa yake yi, kawo mu sake dafa shi.” Jaje kowa na iya yi, amma gyara sai abokin sana'a.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun riga mun ji shi. Za su ce kowace sana'a da sirrinta, kuma wanda ya koya wa abokin gasa haɗinsa ya ɗaura wa kansa igiya. Amsarmu ita ce, a rarrabe tsakanin sirri da jahilci. Ƙamshin da ka zaɓa, da launi, da ɗan abin da kake ƙarawa na zuma ko man darbejiya ko kurkum, da yadda kake tarairayar masu sayenka, naka ne, riƙe abinka. Amma adadin sodar da kilon manja ke ci ba sirrin kowa ba ne. Fiye da shekara ɗari ke nan yana rubuce. Wanda ya ɓoye wa maƙwabciyarsa wannan bai kare kasuwarsa ba, ya dai ƙara yawan mugun sabulu a gari, kuma tare za a zage su. Bugu da ƙari, abokin gasarka na gaskiya ba wannan ɗalibar ta ɗaki na gaba ba ce. Ku duka goma, in an tara abin da kuke yi a shekara, bai kai abin da babbar masana'anta ke fitarwa kafin azahar ba. Kasuwar ta ishi kowa. Amincewar mai saye ce ta yi ƙaranci.

Wasu kuma za su ce, kuma wannan ita ce magana mai nauyi, an sha kafa ƙungiyoyi an ga ƙarshensu. Gaskiya ne, ba za mu musa ba. Ƙungiyoyin gama kai na zamani sun shigo Nijeriya ne bayan rahoton Strickland na 1934 da dokar da ta biyo shi a 1935, kuma daga wancan lokaci zuwa yau an ga masu albarka, an kuma ga waɗanda aka kafa da dare don an ji labarin rance ko taki, suka watse da safe bayan an raba. Kowa ya san labarin uwar adashin da ta yi ɓatan dabo, da ma'ajin da ya ara bai mayar ba, da shugaban da ya mai da ƙungiya gonarsa. Hatta karin maganar da muka ɗora a kan wannan shafi fuska biyu gare shi. Akwai cuɗe ni in cuɗe ka na mutanen kirki, wanda ya samo asali daga cewa hannun mutum ba ya kai wa tsakiyar bayansa. Akwai kuma na maha'inta, watau rufa mini in rufa maka. Ƙungiyar da ta zama ta biyun, gara babu ita.

Maganin wannan ba gudun tarayya ba ne, tsari ne. A nan muna da darasi daga garin Rocidel na Ingila, inda a 1844 wasu ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan kanti mai sayar da fulawa da sukari da man shanu da kyandir. Abin da ya tunzura su shi ne algus da tauye mudu da 'yan kasuwar zamaninsu ke yi. Abin da ya raya su kuwa ƙa'idoji ne masu sauƙi: kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, ciniki hannu da hannu ne babu bashi, riba ana raba ta gwargwadon huldar mutum da kantin, ana kuma ware wani kaso don ilmantar da 'yan ƙungiya. Daga wannan ɗan kanti ne ƙa'idojin gama kai suka bazu a duniya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin ɗalibai goma. Mu ƙara da namu: littafin kuɗi a buɗe a kowane zama, asusu a banki da sa hannun mutum uku, shugabanci na zango ɗaya, kowace tukunya da lambarta da ranarta da awonta a rubuce, kuma kada a nemi rancen ko kwabo sai an yi shekara ana tafiya da kuɗin aljihu.

Akwai wata jarrabawa guda da za ta bambance abokan sana'a na gari da 'yan rufa-rufa, ita ce ta sabulun sauya launin fata. Kowa ya san nan ne kuɗi suke da sauri. Kowa kuma ya kamata ya san abin da akan zuba: haidirokwinon, da magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da zaiba, wadda ke illa ga ƙoda da jijiyoyi da ɗan tayi a ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke cikinta, ta haramta sabulu da man shafawa masu zaiba. Mai sana'ar da ke shi kaɗai, ga bashi, ga masu saye na matsa masa, yana iya sakin layi ba wanda ya gani. Amma wanda ya san ranar Asabar zai ajiye sabulunsa a gaban mutum tara su duba, su kuma tambaye shi abin da ke ciki, zai yi tunani sau biyu. Abokin da ya ce maka sabulunka ya yi kyau alhali yana ci, ba masoyinka ba ne. Goyon bayan da muke nufi ya haɗa da wanda zai dubi idonka ya ce wannan ba za mu sa masa hatiminmu ba.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori huɗu. Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai. Muna kashe kuɗi a kan makon al'adu da liyafar bankwana, ba mu ce a daina ba, amma muna neman majalisar ɗalibai ta kira taron duk masu wannan sana'a a cikin wannan zango, ta kuma nemi hukumar jami'a ta ba da ɗaki ɗaya mai iska da famfo, domin a fitar da soda daga ɗakunan kwana gaba ɗaya. Dokar tarayya ta ƙungiyoyin gama kai ta 1993 mutum goma ta nema kafin a yi wa ƙaramar ƙungiya rajista, kuma takardun da ke liƙe a ƙofofinmu sun fi goma.

Na biyu, 'yan'uwanmu na sassan kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna da lissafin kuɗi da shari'a. Gwajin da kuke yi don cin jarrabawa, na auna kaifin sabulu da yawan sodar da ta saura a cikinsa, shi ne abin da maƙwabcinku ke nema ruwa a jallo. Sa'a biyu a mako ba za ta kayar da kowa jarrabawa ba. Muna kuma roƙon malamanmu su karkata wasu ayyukan binciken shekarar ƙarshe zuwa ga man kaɗe da na aduwa da na darbejiya da na riɗi, da kuma tokar kara, maimakon maimaita abin da aka riga aka yi ya cika kanta.

Na uku, matasan ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan mujalla. Muna tuna muku cewa Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma, don haka ba muna kiranku ku buɗe masana'anta a bayan ofis ba ne. Gudummawarku tana kan teburinku. In kuna ofishin rajistar ƙungiyoyi, ko na ciniki da masana'antu, ko na lafiya, kada takardar waɗannan matasa ta kwana a aljihun tebur tana jiran goro. Ku bayyana musu ƙa'ida dalla-dalla, ku kuma sayi kayansu in ya cika ƙa'idar. In bai cika ba, ku gaya musu dalili.

Na huɗu, su masu sana'ar da kansu. Ku buɗe ƙofofinku. Ku kuma sauke girman kan boko ku je ku durƙusa gaban iyayenmu mata masu sabulun salo a cikin gari da ƙauyuka, ku ce Inna, mun zo koyo. Suna da sanin da babu shi a littafi, ku kuma kuna da sikeli da alƙalami da sanin hanyar ofis. In aka haɗa biyun, a yi shi bisa adalci, a sa su cikin ƙungiya da cikakkiyar ƙuri'a da cikakken rabo, kada a kwashe iliminsu a bar su da godiya.

Ba mu ce sabulu zai magance rashin aikin yi a ƙasar nan ba, ba mu kuma sauke wa hukuma nauyin da ke kanta na samar da wuta da ruwa da hanya ba. Abin da muka ce shi ne, mu da muke cika ɗakunan taro da jawabai a kan dogaro da kai da haɗin kan talakawa, ga ɗan ƙaramin fili an ba mu mu gwada abin da muke faɗa. In mutum goma masu ilmi, waɗanda ke cin abinci a wuri ɗaya, suka kasa amince wa juna a kan buhun soda guda, da wane baki za mu nemi a damƙa mana baitulmalin jiha gobe? Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai sana'ar da ke son a san da shi, haka kuma ga wanda bai yarda da mu ba. A fitowa ta gaba za mu buga abin da majalisar ɗalibai ta yi game da wannan kira, ko abin da ta kasa yi.